Lasisin Shiga Saba: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Sayi Windows Server

Idan ofis ya bunƙasa, ma'aikata suka yi yawa, fayiloli suka fara yawo a filash daga wannan tebur zuwa wancan, sai a yanke shawarar sayen saba. Ita ce babbar kwamfutar da za ta riƙe fayiloli da sunayen ma'aikata da kalmominsu na sirri, sauran kwamfutoci su riƙa ɗiba daga gare ta. A sayo na'urar, a sayo manhajar Windows Server ta kamfanin Microsoft, injiniya ya haɗa wayoyi, aiki ya kankama. A nan ne masu ofis da dama ke zaton sun gama biya, alhali da sauran rina a kaba.

A tsarin Microsoft, kuɗin da kuka biya na manhajar saba izini ne na girka ta a kan na'ura kawai. Izinin da mutane za su shiga su ci moriyarta daban ake sayensa, kuma a takardun ciniki sunansa CAL, wato lasisin shigar mai amfani. Abin ya yi kama da kama hayar zauren biki a wurin da ƙa'idarsu ta ce kowane baƙo sai da katinsa: kuɗin zaure daban, kuɗin kati daban.

Lasisi ne, ba manhaja ba

Abin da ya fi rikita mutane shi ne CAL na Windows Server ba abu ne da ake girkawa ba. Babu faifai, babu lambar da za a shigar a kan saba. Haƙƙi ne da ke rubuce a takarda ko a asusun kamfaninku na wajen Microsoft. Saboda haka saba ba za ta tare kowa a ƙofa ba. Ko kun sayi lasisi biyar mutum ɗari suka shiga, za ta ci gaba da aiki babu ko gargaɗi. Shi ya sa injiniya zai iya ce muku komai na tafiya daidai, kuma gaskiya ya faɗa ta fuskar na'ura, amma ta fuskar yarjejeniya kun riga kun saɓa.

Tsarin ya daɗe. Tun zamanin Windows NT, cikin shekarun 1990, Microsoft ke raba kuɗin saba da kuɗin masu shiga. Hikimar da ke ciki ita ce ofishin mutum goma kada ya biya daidai da bankin da ke da ma'aikata dubu goma, ko da manhaja iri ɗaya suka girka. Da farko na'urori ake ƙirgawa. Da Windows Server 2003 ta fito, sai aka ƙara zaɓin ƙirga mutane, kuma waɗannan hanyoyi biyu ake bi har yau.

Na mutum ko na na'ura

Lasisin mutum, wanda za ku ga an rubuta User CAL, na wani ma'aikaci ne takamaimai. Da shi zai shiga saba daga kwamfutar teburinsa, da laftof ɗinsa, da wayarsa, daga ofis ko daga gida, duk a kan lasisi ɗaya. Lasisin na'ura kuwa, Device CAL, na wata kwamfuta ce takamaimai, kuma duk wanda ya zauna a gabanta ya samu izini, ko su nawa ne.

Mu ɗauki misalin asibiti. A ce akwai ma'aikatan jinya 60 da ke aikin karɓa-karɓa, safe da yamma da dare, a kan kwamfutoci 12 da ke ɗakunan marasa lafiya. Lasisin na'ura 12 ya wadatar da su. Sayen na mutum 60 asarar kuɗi ce. A asibitin dai, a ce akwai manyan likitoci da shugabannin sassa takwas, kowannensu da kwamfutar tebur da laftof da waya. Idan aka bi ta na'ura za a sayi 24, idan aka bi ta mutum takwas sun isa. Ƙa'ida ta yarda a gauraya, don haka asibitin zai sayi na na'ura 12 da na mutum takwas. Sharaɗin kawai shi ne a san wane lasisi ke kan wa, a kuma rubuta.

Lasisin mutum ya ɗan fi na na'ura tsada. A da farashinsu ɗaya ne, sai a Disambar 2012 Microsoft ta ƙara kashi 15 cikin 100 a kan na mutum, ganin yadda kowane ma'aikaci ya koma riƙe na'urori biyu ko uku. Duk da haka, a ofishin da kowa ke da kwamfutarsa da wayarsa, na mutum ya fi sauƙin lissafi, domin jerin sunayen ma'aikata na nan a ofishin albashi, na'urori kuwa kullum cikin sauyawa suke.

Akwai sassauci guda da ya kamata ku sani: lasisin Windows Server ɗaya na bai wa mai shi damar shiga dukkan sabobin Windows na kamfaninku. Ko kuna da saba biyar, ma'aikaci ɗaya lasisi ɗaya yake buƙata, ba biyar ba.

Su wa ake ƙirgawa

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma kurakuran iri uku ne.

Na farko, zaton cewa waɗanda ke kan saba a lokaci guda ake ƙirgawa. Mai ofis zai ce, ai ma'aikatana 40 ne amma ba a taɓa samun fiye da 15 a kai lokaci ɗaya ba. Tsoffin injiniyoyin da suka yi aiki da NetWare ta kamfanin Novell sun saba da wannan lissafi, domin ita haka take ƙirga. A tsarin lasisin mutum da na na'ura, ba haka abin yake ba. Duk wanda ke shiga, ko sau ɗaya a wata ne, sai da nasa. Ba a kuma karɓa-karɓar lasisin mutum tsakanin ma'aikatan safe da na dare. Ƙa'idar Microsoft ita ce ba a mayar da lasisi daga wani zuwa wani sai bayan kwana 90, in ban da inda ma'aikaci ya bar aiki, ko na'ura ta mutu ko ta ɓata, ko aka ba wani aron lasisin na ɗan lokaci don ya riƙe aikin wanda ba ya nan.

Na biyu, zaton cewa sai wanda ya buga sunansa da kalmar sirri ne ya shiga saba. Amfani da saba ya fi haka faɗi. Buɗe fayil a kundin da kowa ke ɗiba amfani ne. Tura takarda zuwa firinta ta hanyar saba amfani ne. Har ma na'urar da saba ta bai wa adireshin shiga hanyar sadarwar ofis, aikin da injiniyoyi ke kira DHCP, ta ci moriyar saba. Wannan na nufin idan sabar Windows ce ke rabon adireshi ga wayoyin baƙin da suka hau wayafai ɗinku, su ma sun shiga lissafi. Maganin mai sauƙi ne: a bar rawutar ofis ta yi wa baƙi rabon adireshi, a raba hanyarsu da ta ma'aikata.

Na uku shi ne mafi tsada. Manhajoji da yawa, kamar ta lissafin kuɗi ko ta sito ko ta ajiye bayanan marasa lafiya, suna shiga rumbun bayanai da suna guda ɗaya tak. Ma'aikata 40 na aiki da manhajar, ita kuma tana magana da rumbun, misali SQL Server na Microsoft, a madadinsu. Mai sayar da manhajar zai iya ce muku lasisi ɗaya ya isa tunda asusu ɗaya ke shiga. Sharuɗɗan Microsoft sun toshe wannan ƙofa ƙarara: duk wata manhaja ko na'ura da ta tattara masu amfani ta shigar da su ta ƙofa ɗaya ba ta rage adadin lasisin da ake buƙata ba. Mutanen da ke can ƙarshen layi ake ƙirgawa, ko matakai nawa ne tsakaninsu da rumbun. Ba Microsoft kaɗai ke wannan lissafi ba. Oracle ma haka take ƙirga masu amfani da rumbunta.

Waɗanda aka ɗauke wa

Ba kowa ne ke buƙatar CAL ba. An yarda mutum biyu ko na'ura biyu su shiga ba tare da lasisi ba, muddin kula da sabar kawai ya kawo su. Da zarar injiniyan ya fara ajiye fayilolinsa a kai kamar kowane ma'aikaci, shi ma ya shiga lissafi.

Shafin intanet da aka buɗe wa kowa da kowa shi ma ba ya buƙatar CAL na Windows Server. Wanda ya leƙa shafin kamfaninku daga Legas ko Landan don ya ga farashin kaya ba ya cikin ƙidaya. Amma shafin cikin gida, wanda ma'aikata kaɗai ke shiga, bai samu wannan rangwame ba.

Sai mutanen waje, kamar dilolinku ko abokan cinikin da kuka buɗe wa asusu a kan sabarku. Za ku iya saya musu CAL ɗaya bayan ɗaya idan ba su da yawa. Idan kuma sun yi yawa ko ba a san adadinsu ba, akwai lasisin da ake kira External Connector, wanda ake saya wa kowace saba da za su shiga, ya rufe dukkansu. Ba a amfani da shi wajen rufe ma'aikata ko 'yan kwangilar da ke zaune a ofishinku suna aiki.

Ga ƙananan ofisoshi kuwa, akwai nau'in Windows Server Essentials, wanda ba ya buƙatar CAL kwata-kwata, amma iyakarsa mutum 25 da na'ura 50. Daga samfurin 2022, tare da sabuwar na'ura ake samunsa daga wajen masu ƙera saba, kuma an taƙaita shi ga saba mai furosesa ɗaya. Duk ofishin da ke sa ran wuce mutum 25 nan kusa, gara ya yi tunani kafin ya saye shi.

Kuɗin sabar kanta

Kada a rikita CAL da lasisin sabar. Daga Windows Server 2016, ana ƙirga lasisin saba ne da yawan ƙwayoyin aikin da ke cikin furosesa, waɗanda masu sana'ar ke kira kor. Dole a biya wa kowace ƙwaya da ke cikin na'urar, kuma akwai mafi ƙarancin da ba a sauka ƙasa da shi: takwas ga kowace furosesa, 16 ga kowace saba. Saba mai furosesa ɗaya da ƙwayoyi takwas za ta biya na 16. Mai furosesa biyu, kowace da ƙwayoyi goma, za ta biya na 20.

Nau'in Standard na ba da damar gudanar da sabobin kwaikwayo biyu a cikin na'ura ɗaya, waɗanda ake kira VM, yayin da Datacenter ba shi da iyaka. Amma ko wanne kuka saya, komai tsadarsa, CAL na nan daram. Wasu kan ji an ce lasisin ƙwaya sai su ɗauka ya rufe masu shiga. A SQL Server haka ne, a Windows Server ba haka ba ne.

Shekarar lasisi

Kowane CAL na ɗauke da shekarar samfurinsa, kuma dole ya zama daidai da na saba ko ya fi shi sabunta. CAL na 2022 zai shiga sabar 2022 da 2019 da 2016. CAL na 2016 ba zai shiga sabar 2022 ba. Ma'anar wannan ita ce, ranar da kuka girka sabuwar saba ko da guda ɗaya ce, duk wanda zai taɓa ta sai an sabunta masa lasisi.

Batun na gaban ofisoshi da yawa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows Server 2012 a Oktoban 2023, tallafin 2016 zai ƙare a Janairun 2027, kuma samfurin 2025 ya fito tun Nuwamban 2024. Duk mai tsara kasafin sauya saba, ya saka kuɗin sabbin CAL a ciki tun daga farko. A babban ofis, kuɗinsu kan iya zarce na manhajar sabar. Masu biyan kuɗin Software Assurance, wato tsarin da ke ba da haƙƙin hawa sabon samfuri, lasisinsu na sabuntuwa da kansa muddin yarjejeniyar na raye.

Lasisin da ake ɗorawa a kan wani

CAL na Windows Server tushe ne. Wasu ayyuka na buƙatar ƙari a kansa.

Wanda aka fi cin karo da shi shi ne na Remote Desktop Services, tsarin da ke bai wa ma'aikaci damar buɗe tebur ko manhaja da ke kan saba daga nesa, kamar yana zaune a gabanta. Da can sunansa Terminal Services, aka sauya a Windows Server 2008 R2. Kamfanin da ke da rassa a garuruwa daban-daban, kuma duk suna aiki da manhajar lissafi ɗaya da ke hedikwata, galibi wannan tsari yake bi. Kowane mai shiga ta wannan hanya na buƙatar lasisi biyu: CAL na Windows Server da kuma RDS CAL. Shi wannan na biyun ana girka shi a kan saba, kuma girka shi na da wa'adi. Ana ba da rangwamen kwana 120 daga ranar da aka kunna aikin. Idan wa'adin ya cika ba a girka lasisi ba, sai a wayi gari rassa sun kasa shiga. Duk injiniyan da ya haɗa muku wannan tsari, ku tambaye shi tun ranar ko ya girka lasisin ko kuwa a kan rangwame kuke tafiya.

Sabar imel ta Exchange da sabar SharePoint kowace na da nata CAL, kuma hawa biyu ne: Standard, sannan Enterprise da ake ɗorawa a kansa don ƙarin ayyuka. Ba a sayen na biyun ba tare da na farkon ba. Manyan kamfanoni kan sayi ƙunshin Core CAL Suite, wanda ya haɗa da yawa daga cikinsu wuri ɗaya. Masu biyan kuɗin Microsoft 365 E3 ko E5 kuwa sun riga sun samu haƙƙin da ya yi daidai da CAL na Windows Server, don haka su duba kafin su biya sau biyu. RDS CAL ba ya ciki.

SQL Server na da hanyoyi biyu. A nau'in Standard za ku iya sayen lasisin saba haɗe da CAL ga kowane mai amfani, ko ku biya ta ƙwaya, mafi ƙaranci huɗu, kowa ya shiga babu ƙidaya. Nau'in Enterprise ta ƙwaya kawai ake sayar da shi tun samfurin 2012. Lissafin a fili yake: ku haɗa kuɗin saba da na CAL na mutanenku, ku gwada da kuɗin ƙwayoyi. Idan mutane kaɗan ne, hanyar farko ta fi sauƙi. Idan suna da yawa, ko rumbun na bayan shafin intanet da ba a san adadin masu shigarsa ba, hanyar ƙwaya ce mafita. Ku tuna kuma CAL na SQL bai maye gurbin na Windows ba idan a kan Windows rumbun yake zaune.

Ranar bincike

Tunda saba ba ta hana kowa shiga, me zai sa a damu? Yarjejeniyar sayen lasisi da yawa ta bai wa Microsoft haƙƙin turo masu bincike su duba ko abin da kuke amfani da shi ya yi daidai da abin da kuka saya. A sharuɗɗan da aka saba gani, idan giɓin ya kai kashi 5 cikin 100, kamfani zai biya kuɗin binciken, sannan ya sayi lasisin da ya rage a kan kashi 125 cikin 100 na farashi. A Najeriya kuma, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta sanya manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa. Ga ofishin da ke lissafi da naira, akwai wani dalilin na daban: da dala ake auna farashin waɗannan lasisi, kuma duk wanda ya ga yadda canji ya tashi tun da aka saki naira a Yunin 2023 ya san bashin da aka jinkirta da dala ba ya raguwa.

Hujjarku a ranar bincike takarda ce: rasit daga dila mai izini, da shaidar lasisin a asusun kamfaninku. A nan ne ya kamata a yi hattara da masu tallar lasisi a intanet a kan farashin da bai kai rabin na kasuwa ba, su turo muku lamba ta imel su ɓace. Araha ba ta ado. Lambar da ta yi aiki a kan na'ura ba ita ce shaidar kun mallaki lasisi ba.

Idan ba kwa son wannan lissafi

Akwai hanyoyin kauce masa, kowace da nata farashin. Saba mai aiki da Linux ba ta da CAL. Manhajar Samba, tun samfurinta na huɗu da ya fito a ƙarshen 2012, na iya riƙe sunayen ma'aikata da kundin fayiloli ga kwamfutocin Windows. PostgreSQL da MariaDB rumbunan bayanai ne na kyauta. Abin da za ku biya a nan shi ne ƙwararren da ya iya su, kuma ku tabbatar manhajar da kuke aiki da ita ta yarda da su. SQL Server Express ma kyauta ce, sai dai har zuwa samfurin 2022 kowane rumbu a cikinta bai wuce gigabayit 10 ba.

Sabar Windows da aka yi haya a Azure, dandalin hayar saba na Microsoft a intanet, ba ta buƙatar CAL na tushe, domin an riga an saka shi cikin kuɗin haya, amma za ku dogara da intanet mai ƙarfi da biyan kuɗi kowane wata. Ofis ƙarami sosai kuma zai iya raba fayiloli da firinta daga kwamfutar Windows 11 ta yau da kullum, wadda sharuɗɗanta suka yarda da na'urori har 20 don irin waɗannan ayyuka.

Idan kuwa Windows Server kuka zaɓa, aikin farko ba na dila ba ne, naku ne. Ku rubuta sunan duk wanda zai taɓa sabar, da duk na'urar da mutane ke rabawa, da masu shiga daga nesa, da mutanen waje, da kowace manhajar da ke da rumbun bayanai a bayanta. Da wannan jeri za ku je wajen dila, ku kuma nemi ya rubuta muku a takardar farashi nau'in kowane lasisi da shekararsa da adadinsa, layi-layi. Inda bakinku da nasa ya saɓa, takardar Product Terms da Microsoft ke wallafawa tana sabuntawa ita ce alƙali. Daga nan kuma, duk lokacin da aka ɗauki sabon ma'aikaci ko aka sayo sabuwar kwamfuta, sai a sake duba jerin, domin sabar ba za ta taɓa tunatar da ku ba.